Ma'aikacin ƙididdigar da ya taimaka aka raba fetur da dalma

Uwargida, in aka tambaye ki me kike fatan yaronki ya zama, na san amsar ba za ta wuce likita ko lauya ko injiniya ba. Da wuya ki ji uwa ta ce masanin ƙididdiga. To bari ki ji abin da irin wannan aiki ya yi wa yara a Amurka.

Barry Nussbaum ya shiga Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar a 1975, shekara biyar da kafa ta. A lokacin ana zuba dalma a fetur don inji ya yi aiki lafiya lau. Hayaƙin mota ya watsa ta a iska, ta sauka cikin ƙura, yaro mai rarrafe ya kwasa ya kai baki. Ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai dai a ga karatu ya ƙi shiga.

Matsalar ita ce hujja. Wa zai yarda a kashe maƙudan kuɗi a sauya aikin matatun mai saboda zato? Sai aka jera alƙaluma biyu gefe da gefe. Daga 1976 zuwa 1980 dalmar da ake zubawa a fetur ta ragu da kusan rabi, a daidai wannan tsakanin kuma wadda ke jinin jama'a ta ragu da kashi 37 cikin ɗari. Layin nan ya sauka, wancan ya bi shi. Ko wanda bai san lissafi ba, kallo ɗaya ya ishe shi. Nussbaum na cikin waɗanda suka yi aikin rage dalmar. A 1985 hukumar ta tsaurara doka, a 1996 aka hana fetur mai dalma a motocin ƙasar baki ɗaya. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021.

Shi kuwa ya zama babban jami'in ƙididdiga na hukumar, ya yi ritaya a 2016, ya shugabanci ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka a 2017.

Mu ma mun ɗanɗani dalma, ta wata hanyar. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, inda ake daka dutsen zinare a tsakar gida. Allah Ya jiƙansu. Can ma sai da aka bi gida-gida ana ƙidayar yaran da suka rasu, ana auna jinin waɗanda suka rage, kafin a gane girman abin.