Abin da ya kamata ka sani idan laftof ɗinka ya ƙi kama Wi-Fi a Sabha

Ko kana aiki a shago a unguwar Gurda, ko kana karatu a Jami'ar Sabha, wata rana za ka buɗe laftof ka ga babu intanet. Kada ka yi saurin kai shi wurin mai gyara. Sau da yawa matsalar ƙarama ce, kuma kai da kanka za ka iya gano ta.

Mene ne Wi-Fi ɗin ma?

Hanya ce da kwamfuta ke magana da rauta ba tare da igiya ba. Rauta ita ce 'yar na'urar nan mai fitilu da ke karɓo intanet daga kamfani, kamar LTT ko Libyana ko Almadar, ta rarraba shi a cikin gida. Ke nan matsala tana iya fitowa daga wuri uku: laftof, rauta, ko layin kamfani.

Ta ina zan fara?

Fara da wayar hannunka. Haɗa ta da Wi-Fi ɗin. Idan ita ma ta ƙi, laftof ba shi da laifi. Duba ko rauta tana kunne, domin ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Fezzan, musamman lokacin zafi. Cire ta daga wuta, jira kamar minti ɗaya, ka mayar. Ka taɓa ta: idan ta yi zafi sosai, ɗauke ta daga rana, ka share ƙurar da ta toshe ramukanta. Sannan duba ko kuɗin layinka ya ƙare.

Waya ta kama, laftof bai ga komai ba?

Duba ƙasan allo ta dama. Alamar jirgin sama tana nufin an kashe duk wata hanyar sadarwa mara igiya, sai ka danna ta ka cire wannan yanayin. Wasu laftof suna da maɓalli mai hoton eriya a layin sama na allon rubutu, ana danna shi tare da Fn. Tsofaffi kuma suna da ɗan makunni a gefe, wanda jaka ma kan iya turewa.

Idan laftof yana ganin Wi-Fi na maƙwabta amma ba naka ba, ga dalili. Rauta da yawa suna watsa sigina a zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz, kuma wasu tsofaffin laftof na farkon kawai suke ji. Haka nan wasu da aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa ganin tasha ta 12 da ta 13. Sai a shiga saitin rauta a kunna 2.4, a zaɓi tasha ta 1, ta 6 ko ta 11.

Ya gani, amma ya ƙi kalmar sirri?

A nan mutanenmu suka fi wahala, kuma abin yana damuna, don gyaran na daƙiƙa biyar ne. A Libiya allon rubutu yakan zauna a Larabci, kai kuwa ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ba ka san haruffan da kake bugawa ba. Danna Alt da Shift tare ka sauya harshe. Idan laftof ɗin daga Agadez ko Damagaram ka zo da shi, wataƙila tsarin Faransanci ne: A da Q sun yi musayar wuri, lambobi kuma sai an riƙe Shift. Danna 'yar alamar ido da ke gefen akwatin kalmar sirrin, ka ga abin da ka rubuta da idonka.

Idan duk wannan bai yi ba fa?

Saura direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa Windows amfani da na'urar Wi-Fi ta cikin laftof. Takan ɓace bayan an sake ɗora Windows. Za ka ce, yaya zan sauke ta babu intanet? Haɗa wayarka da laftof da igiyar USB, ka kunna raba intanet a wayar, sai ka ɗauko direban daga shafin kamfanin laftof ɗinka.

Nawa zan kashe?

Duk abin da aka lissafa kyauta ne, ban da 'yar data. Idan na'urar ciki ce ta mutu, akwai ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB a shagunan kwamfuta, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon laftof ba. Ka sa mai shago ya gwada ta a kan laftof ɗinka kafin ka biya.