Masaukin Ma'aikaci A Ƙasar Gaya Da Ajingi: Abin Dubawa Kafin A Sauke Kaya

Daga Wakilinmu

Duk sa'ad da gwamnati ta tayar da wani babban aiki, kamar ƙidayar jama'a ta 2006, ko rajistar masu zaɓe, ko zagayen rigakafin shan-inna, akan tura ma'aikata daga birnin Kano zuwa ƙananan hukumomi su yi makonni, wani lokaci har watanni. Haka nan malaman gona na KNARDA da injiniyoyin hanya da masu binciken kuɗi. To, wanda aka ce ya nufi Gaya ko Ajingi, tun kafin ya ɗaure kayansa tambaya guda ce ke damunsa, wato ina zai sauka.

Kakanninmu sun daɗe da sanin amsar wannan tambaya. Gaya tsohon gari ne, har ma tarihi na cewa daga nan Abagayawa suka taso, wato maƙeran da suka zauna a gindin Dala. A zamanin fatauci, falke ba ya shiga gari sai ya san fatomansa, mutumin da zai ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Da Turawa suka zo sai suka giggina bariki a manyan garuruwan gunduma, inda Di'o ke sauka in ya fito rangadi. Ko a Amurka, sai a 1975 aka buɗe Residence Inn a birnin Wichita, otal mai ɗakin girki domin baƙon da zai daɗe.

A yau hanya uku ce a gaban ma'aikaci. Ta farko, ya riƙa kwana a Kano yana sammako kullum ta hanyar Wudil. Wannan tana cin kuɗin mota, tana gajiyar da jiki, ga kuma cunkoso ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Mai aiki a ƙauyukan Ajingi kuwa, kafin ya isa rana ta take, manoma sun watse. Ta biyu, ya kama ɗaki a otal a Wudil, garin da baƙi suka yawaita saboda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ko kuma a Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991. Ta uku, ya sauka cikin garin da aikinsa yake, a gidan baƙi na hukuma ko ɗakin haya, ta hannun dagaci ko mai unguwa.

Ko wacce mutum ya zaɓa, kada kuɗin ɗaki kaɗai ya ruɗe shi, gama araha ba ta ado. Ruwa ne abin tambaya na farko: rijiya ce, ko burtsatse, ko kuwa sai an jira 'yan garuwa? Sai wuta. In ta ɗauke, ƙarfe nawa ake tayar da janareto, ƙarfe nawa ake kashewa? Wanda ya kwana cikin zafin Afrilu ba fanka, ko cikin sauron damina ba gidan sauro, ba zai iya wani aikin kirki da safe ba. Sai abinci, domin mai kwana biyu ya iya wadatuwa da shayi da tsire, amma mai wata biyu lalle yana bukatar wurin ɗora tukunya ko gidan da za a riƙa aiko masa da tuwo. A duba kuma kusancin masallaci da asibiti da tasha, da ƙarfin ƙofa da makulli, musamman ga mata ma'aikatan lafiya da kuma masu riƙe da takardun hukuma.

Wajen ciniki kuwa, a yi shi bisa mako ko wata, gama mai masauki yakan yi rangwame ga baƙon da zai daɗe. A fayyace ko wanki da shara suna ciki, a kuma karɓi rasit, don da shi ofis ke mayar wa mutum kuɗinsa. Kuma tun da gani ya kori ji, kyawunta mutum ya kwana ɗaya tukuna kafin ya biya na wata.

Tun daga 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, saboda haka garin ba zai rabu da baƙi ba. Ya kamata shugabannin waɗannan hukumomi da attajiran yankin su mai da hankali ga tanadin masauki mai tsabta da ruwa da tsaro. Malamin da ya kwana cikin gari shi ne talaka zai tarar a bakin aiki da hantsi. Allah ya sa a duba.