Me ya sa yaro ke rera A, B, C amma ya kasa rubuta "baba"?

A makarantun nazare da firamare na Arewa akwai yara da yawa da za su rera maka A, B, C har zuwa Z ba tare da sun yi tuntuɓe ba, iyaye kuma su yi ta murna cewa kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Amma miƙa wa ɗaya daga cikinsu fensir ka ce ya rubuta "baba" ko "gida", sai ya tsaya yana kallon ka. Waƙa ya haddace, bai san abin da kowane harafi yake faɗa ba.

Tushen matsalar shi ne sunan harafi daban, sautinsa daban. Abin da yaron ya rera sunayen haruffa ne da Turanci, kuma waɗannan sunaye suna cin karo da yadda ake rubuta Hausa. Harafin da Bature ke kira "si" shi ne farkon "ciki" da "cokali". Wanda yake kira "ai" shi ne farkon "ido". Mafi rikitarwa, harafin e da Turanci "i" ake kiran sa. Saboda haka idan malama ta ce wa yaro ya rubuta "ido", ya ɗauko e ya fara da shi, bin abin da aka koya masa ya yi.

Abin takaicin shi ne rubutun Hausa na cikin masu sauƙin koyo. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Kusan duk abin da kunne ya ji, shi hannu zai rubuta. Yaron da ya san sautin b da sautin a zai haɗa "ba", ya maimaita ya samu "baba". Ƙara masa k da i, ga "baki", ga "kaka", ga "biki". Da haruffa huɗu kacal ya rubuta kalmomin da ya san ma'anarsu tun yana goye. A Turanci kuwa sai ya haddace yadda ake rubuta kalmomi da dama ɗaya bayan ɗaya, cikin harshen da bai ji ba tukuna.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro kan fara da babbaƙu, ya san baƙaƙen su kaɗai, sannan ya shiga farfaru inda ake ɗora musu wasali ya riƙa haɗawa. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa na 'yan shekarun nan, irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, su ma a kan sauti da gaɓa aka gina su: a ji sautin, a ga harafin, a rubuta shi, a haɗa shi da wani.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa dai ta yi ta sauyawa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin tare da komawa Turanci. Ko da wane harshe ake koyarwa a aji, babu abin da ya hana uwa ta nuna wa ɗanta yadda ake rubuta sunansa da sunan abin da ya ci da safe. Kuma yaron da ya gane cewa harafi hoton sauti ne, da wannan ganewar zai shiga Turanci.

Hannu kafin harafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Ana ba yaro ɗan shekara uku littafi mai ƙananan layuka a ce ya cika shafi da harafi ɗaya, alhali yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba. Ya gaji, ya yi kuka, a ce ba ya son karatu. Wani lokaci ma yayarsa ce ke cika shafin da dare, malama ta sa maki da safe, kowa ya huta.

A wannan shekarun abin da hannu ke buƙata shi ne manyan zane-zane: layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, lanƙwasa. Yatsa a cikin rairayi ya isa, ko gawayi a ƙasa, ko alli a ƙaramin allo. Haruffa ba komai ba ne illa waɗannan siffofi a haɗe. Idan aka zo ga harafin, a nuna masa inda ake farawa da inda ake ƙarewa, yana furta sautin yana zanawa. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Asabar.

Kada hankalin iyaye ya tashi idan yaro ya juya b ta koma d. Yara ƙanana kan yi haka har wajen shekara bakwai. Namu kuma suna da ƙarin dalili: da safe a boko rubutu daga hagu yake tashi, da yamma a Islamiyya daga dama. Ɗigo ɗaya a gefen hagu na takarda, alamar inda za a fara, yakan rage ruɗanin. Sai dai idan ya wuce waɗannan shekaru yana ta fama, ko yana kai takarda dab da idonsa, ya kamata a zauna da malaminsa, a kuma duba idon da kunnen.

Bahago fa? A bar shi ya yi rubutu da hagunsa. Koya masa ci da dama tarbiyya ce daban. Dukan hannu a kan fensir ba ya gyara rubutu, tsoron fensirin yake sa wa yaro.

Haruffa masu ƙugiya

Tun bayan da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, an sha gwada hanyoyin rubuta sautukan Hausa da babu su a Turanci, kafin ɓ, ɗ da ƙ su samu gindin zama a shekarun 1930. A Nijar ana ƙara ƴ, inda a Najeriya ake rubuta 'y. Yau wayar salula ta sa manya da yawa sun yar da ƙugiyar, ko da yake manhajojin rubutu irin su Gboard suna da haruffan Hausa ga wanda ya kunna su.

Babba yana cike giɓin da hankalinsa, ya san ko "kasa" aka ce ko "ƙasa". Mai koyo ba shi da wannan gata. Gara a koya masa tun farko da kalmomi biyu-biyu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, karya da ƙarya. A furta masa, ya nuna wadda ya ji, sannan ya rubuta. Yara kan ji daɗin wannan wasa, musamman idan suka gano ƙugiya ɗaya tana mayar da magana wata daban. Haka za a bi da sh da ts, a koyar da kowanne a matsayin sauti guda, da "shayi" da "tsintsiya".

Akwai inda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya taimakon yaro, domin ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuwo duk "gari" ake rubuta su. Irin waɗannan kalmomi a ajiye su sai ya fara rubuta jimla, inda maganar da kanta za ta nuna masa wanne ake nufi. Kafin nan, sunansa, sunan ƙanwarsa, "ruwa", "kaza" da "tuwo" sun isa aikin makonni.