Farfaɗo da Fako da Makiyaya ta Hanyar Gayya

Fako shi ne filin da ya ƙeƙashe ya yi tauri, har ruwan sama ya riƙa bi ta kansa yana wucewa bai ratsa ƙasa ba. Galibi makiyaya ce ko saura wadda yawan kiwo, ƙonar daji, saran itace da zaizaya suka tuɓe mata sutura. A kudancin Jihar Katsina, wato yankin Daudawa, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, damina tana da kauri fiye da ta arewacin jihar, kuma ƙasar ta yi suna wajen auduga tun lokacin da Turawa suka kafa gonar yaɗa irinta a Daudawa. Sai dai faɗaɗar gonaki ta matse burtali da makiyaya, ɗan abin da ya rage kuma ya sha kofato.

Abin da ake so ya dawo

Lafiyayyen fili yana ɗauke da tsirrai iri-iri, kowane da amfaninsa. Gamba takan shekara da saiwarta a ƙasa, tana riƙe ƙasa, da ita kuma ake saƙa zana. Kyasuwa da harkiya da burburwa abincin dabbobi ne. Tafasa da yaɗiya suna shiga kwaɗo. Sabara da kalgo da geza suna tare iska, suna tara ganye da ƙura a gindinsu. Furannin waɗannan tsirrai ke ciyar da ƙudan zuma, shi ya sa masu ɗaura amya kan fara gane cewa daji ya mutu. Idan fili ya gaji, sai garmani da tumfafiya su mamaye shi, dabbobi kuwa ba su cika kula su ba.

Yadda aikin yake tafiya

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ya dace da gayya, tsohuwar al'adar da ake kiran jama'a su yi aiki babu lada sai abinci da kiɗa. Ana farawa da zama tsakanin mai unguwa, ardo da manoma, a shata iyakar filin, a tsayar da tsawon lokacin da za a hana kiwo a cikinsa. In ba a yi wannan zama ba, garke ɗaya ya isa ya lashe wahalar shekara cikin yini guda.

Da kaka mata da yara ke zage 'ya'yan ciyawar da suka nuna, a shanya su, a adana. Da bazara sai maza su fito da diga da shebur su haƙa ramukan da ake kira rabin wata. Ana zana kowane rami kamar tsayuwar jinjirin wata, faɗinsa kimanin mita 4, bakinsa yana kallon tudu, sannan a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare ta zama kunya. A Nijar akan haƙa sama da 300 a hekta ɗaya, a jera su ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A zuba ɗan taki, a watsa iri da zarar ruwa ya zauna. Garmani kuwa tuge shi ake yi tun bai yi fure ba. Kafin iskar hunturu ta taso sai a share kewayen filin don kada gobara ta tsallako, kuma ba a yankar ciyawa sai ta zubar da 'ya'yanta.

Darasi daga Maraɗi

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoman Maraɗi ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai. Maimakon a sare su duka, sai aka riƙa barin rassa kaɗan masu ƙarfi ana yi musu aski. Manoma suka kira dabarar sassaben zamani, ta kuma yaɗu daga gona zuwa gona har aka ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na Nijar. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Katsina na cikin jihohin Najeriya 11 da ya shafa, yana amfani da irin waɗannan dabaru.

A wasu ƙasashe

A Ingila da Wales an ƙiyasta cewa kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji sun ɓace tun daga shekarun 1930, don haka 'yan sa-kai ke sake raya su har a wuraren shaƙatawa na birane. Can ƙasa mai yawan taki ce matsala, domin ciyawa na danne furanni. Saboda haka sukan kwashe abin da aka yanka, su kuma shuka wani tsiro ɗan dangin ƙuduji don ya tsotse ƙarfin ciyawar. Abin da manomin dawa ke tugewa, danginsa ake nema da kuɗi a can.

Bayan farfaɗowa

Ciyawa kan rufe ramukan rabin wata tun a daminar farko ko ta biyu, itatuwa kuma sukan ɗauki shekaru. Daga nan sai a buɗe filin kashi-kashi, ana kiwo a wani ɓangare, wani yana hutawa, a kuma naɗa masu tsaro da masu raba ciyawar da aka yanka. A yankin Faskari da Sabuwa, inda rashin tsaro a kewayen dajin Kogo ya hana zuwa nesa, filayen bakin gari, harabar makarantu da gefen rafi su ne suka fi sauƙin farawa.