Bayan an raba keken ɗinki

Duk wanda ya zauna a Maiduguri cikin shekaru goman nan ya san irin wannan biki. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a zaunar da guragu da makafi da kurame a sahun gaba. Sun yi wata uku ko shida suna koyon sana'a, yau kuma ranar yaye su ce. A miƙa wa wannan keken ɗinki, wancan injin markaɗe, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ba a cika komawa a duba ba shi ne inda keken yake bayan wata shida.

Sau da yawa yana kasuwa. Ba lalaci ba ne ya kai shi can. Wanda aka ba keke ba a ba shi shago ba, ba a ba shi masu kawo ɗinki ba, kuma ba wanda zai tambaya idan wuyan riga ya ƙi zama. Ga gida babu hatsi.

Akwai wata hanya da masana harkar naƙasa ke kira aiki mai rakiya. A Amurka ta kafu, ta shiga dokarsu a 1986. Tsohon tsari shi ne a tara naƙasassu wuri guda a yi ta horar da su har sai an ce sun shirya, galibi kuma ranar ba ta zuwa. Sabon tsarin ya juya abin: a fara samo wa mutum aiki na gaske, a wurin da kowa ke aiki, da lada irin na kowa, sannan a haɗa shi da mai rakiya da zai koya masa aikin a nan inda ake yin sa. Mai rakiyar ne zai lura teburin yanka ya yi wa mai keken guragu tsawo, a rage ƙafafunsa. Shi zai nuna wa abokan aikin kurma alamu goma ko ashirin da za su ishe su mu'amala. Idan mutum ya zauna da gindinsa sai mai rakiyar ya ja baya, amma ba ya ɓacewa. Ranar da aka sami saɓani da maigida, shi ake kira.

Wanda ya san kasuwannin Arewa zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kuma yana da gaskiya. Haka ake koyon gyaran waya da walda da ɗinkin hula: uba ya kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da aike da shara, a hankali a sakar masa aiki, wata rana a yaye shi. Bambancin kawai, ba kowane maigida ne ke karɓar yaron da ya zo da sanda ba.

Maiduguri kuwa tana da irin waɗannan yara da manya fiye da yawancin birane. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya bar mutane da yankakkun ƙafafu da hannuwa, wasu bom ya kashe musu ji, wasu kuma raunin a ƙwaƙwalwa yake, ba a ganin sa. A Borno ne aka ga na ƙarshen waɗanda ƙwayar shan-inna ta daji ta kama a Najeriya, a 2016. A Nuwamban 2020 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta buɗe cibiyar ƙafar roba da gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kafin nan sai an kai mutum asibitin ƙashi na Dala a Kano, tafiyar kusan kilomita 600. Ƙafa ta samu a gida. Sai dai ƙafar roba tana kai mutum bakin shago ne kawai, ba ta sa a ce masa shigo.

Sannan ga masifun da suka faɗa wa kasuwar kanta, ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe a duhu. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kafin nan, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da fadar Shehu da kasuwar da aka gama gyarawa. A farkon 2025 kuma Amurka ta datse kuɗin agajinta, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata da ayyuka.

Kowa ya ji a jikinsa, amma lissafin naƙasasshe daban ne. Tun 2011 aka hana babur a Maiduguri, don haka Keke Napep ce abin hawan talaka. Mai keken guragu yakan biya kuɗin kujera fiye da ɗaya, makaho kuma ya biya nasa da na ɗan jagora. Idan kuɗin zuwa da dawowa ya cinye rabin abin da za a samu a yini, zama a gida ya fi riba. Maigidan da cinikinsa ya ja baya kuwa, idan zai sallami yaro ɗaya cikin huɗu, an san wanda zai fara kallo. Hatta bara, wadda ita ce mafakar ƙarshe, ta yi rauni, domin mai bayarwa ma yana neman na cefane.

Doka dai tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda za su shigu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai son sanin sakamako ya ƙirga matakalar ofisoshin da ke kusa da shi. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, kuma tun 2024 Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta taɓa, ke jagorantar ta. Amma dokar ta fi ƙarfi a kan aikin gwamnati, alhali mafi yawan mutanen Maiduguri a kasuwa da gareji da bakin titi suke ci.

Akwai misalan da suka yi aiki. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekunan guragu a wurin waldarta, guragu na koya wa guragu. A Kabul, Alberto Cairo, ɗan Italiya mai gashin ƙashi da ya isa can a 1990, ya mayar da cibiyoyin Red Cross wuraren da kusan duk ma'aikatansu tsofaffin majinyata ne. Mai auna maka ƙafar roba shi ma ita ce a jikinsa.

A Maiduguri, kuɗin da ake kashewa kan rumfa da keken ɗinki ɗaya zai iya biyan wani abu dabam: kuɗin Napep na wata shida, ɗan ihsani ga telan da ya yarda ya karɓi almajirin sana'a, da alawus na mutum guda da zai riƙa zagaya shaguna goma duk mako yana tambayar maigida da yaro yadda ake ciki. Mai zagayen nan ba sai an ɗauko shi daga Abuja ba. Ƙungiyoyin makafi da guragu da kurame na birnin sun san 'ya'yansu gida-gida, sun kuma san telan da ke da haƙuri a kowace unguwa.