Ko Jiki Yana Sabawa da Abin da Ya Ƙi?

Ya kai mai karatu, wataƙila a ajinku ko a gidanku akwai yaron da in ya shaƙi ƙura sai atishawa da majina, ƙirjinsa ya riƙa kuka, wato asma ta tashi. Wani kuma da ya ci gyaɗa ko ƙwai sai borin jini ya feso masa. Sau da yawa za ka ji manya na cewa, “A ƙyale shi ya yi ta ci, ai zai saba.” To, tsaya ka ji abin da likitoci suka gano.

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin wasu, garkuwar nan kan ɗauki abin da ba ya cutarwa tamkar abokin gaba, kamar garin furen ciyawa, ko ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani. Faɗan da take yi da su shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da toshewar numfashi.

A shekarar 1911 wani likita a asibitin St Mary's da ke Landan, mai suna Leonard Noon, ya fara yi wa masu irin wannan mura allurar ruwan garin furen ciyawa, ɗan kaɗan, yana ƙarawa sannu a hankali. A 1954 William Frankland da Rosa Augustin suka gwada dabarar a asibitin nan. Wasu aka yi musu allurar gaske, wasu kuwa allurar da babu magani a ciki, aka kwatanta su. Masu allurar gaske suka fi samun sauƙi. Har yau ana wannan magani, da allura ko da ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe, kuma yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5.

Sai kuma gyaɗa. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike na Landan kan jarirai 640 da ake tsoron jikinsu zai ƙi ta. Bayan an gwada fatarsu, aka fara ba rabinsu abinci mai gyaɗa, aka hana rabi. Da suka kai shekara 5, cikin waɗanda aka hana kusan 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi gyaɗa, cikin masu ci kuwa kusan 3 ne kacal.

Ka ga ashe jiki yana sabawa. Amma fa lura! Jariran nan rigakafi aka yi musu tun abin bai bayyana ba. Allurar kuma awo gare ta, kuma sai majinyaci ya zauna minti 30 a asibiti bayan an yi masa, domin maƙogwaro na iya kumbura nan take. Wanda asmarsa ba ta lafa ba ma, ba a yi masa.

Saboda haka, ya ku iyaye, kada a tilasta wa yaro cin abin da jikinsa ya riga ya ƙi. A kai shi ga likita. Kai kuma ɗalibi mai asma, kada ka rabu da maganinka na shaƙa, musamman da hunturu, kuma ka sanar da malaminka kafin a ba ka sharar aji. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.