Fitilar Da Ke Raba Masu Motoci Da Kuɗinsu A Kasuwar Gombe

A shekarar 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, a cikinta ne kuma gwamnatin Amurka ta wajabta wa kamfanoni su sanya wa kowace ƙaramar mota wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda za a jona na'ura a ji abin da ke damun inji. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Irin waɗannan motoci ne 'yan Kwatano suka cika ƙasar nan da su, su ne kuma ke jere a garejojin da ke kewaye da Kasuwar Gombe da Tashar Dukku, da yawansu da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci a gaban direba.

Cikin lambobin da na'urar kan nuna akwai na gidan P0400, waɗanda suka shafi wani bawul da ake kira EGR. Aikinsa kuwa shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin da ke kan hanyarsa ta zuwa salansa, ya mai da shi cikin inji. Mai karatu zai ce, ina amfanin mai da ƙazanta ciki? To, hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake cin wuta, saboda haka yana rage zafin ƙuna. In zafin nan ya haura digiri 1,300, iskar da inji ya shaƙa takan rikiɗe ta zama wata guba mai cin huhu, mai tayar wa masu asma ciwonsu. Tun wajen 1973 aka fara sa wannan bawul a motocin Amurka.

Kowace lamba da maganarta. P0401 cewa take yi hayaƙin da ke komawa bai kai yadda ake so ba; a nan mota takan yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ta ɗauki kaya tana hawan tudu a hanyar Kaltungo. P0402 kuwa hayaƙin ne ya yi yawa, watau bawul ya maƙale a buɗe, sai mota ta riƙa karkarwa a silo, tana mutuwa a tsakiyar cunkoso. P0403 maganar waya ce ko soket.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lambar nan unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gida. Amma sau da yawa da zarar yaron gareji ya ga P0401, sai a tura mai mota layin 'yan kayan gyara ya sayo wani bawul, shi ma ɗan Kwatano, a ɗaura, bayan kwana uku fitila ta dawo. Alhali kuwa galibi bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, kunkunniya ce ta toshe 'yar hanyar da hayaƙin ke bi. Honda Accord mai silinda shida ta 1998 zuwa 2002 ta yi suna da wannan toshewa. Bakanike mai tsoron Allah yakan fara da duba tiyo ko ya tsage, ya gwada waya, sa'an nan ya kwance bawul ya wanke shi, ya zura siririyar waya ya kankare hanyar, ya sa sabon gasket. Sai ya goge lambar, ya fita da motar ta yi zafi sosai ya ga ko za ta dawo.

Ba abin mamaki ba ne kunkunniya ta yi yawa a nan. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma man da ke ɗauke da farar wuta ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda da shi. Ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ga baƙin mai da ba a juyewa a kan lokaci, ga motar da ba ta wuce Jekadafari zuwa kasuwa, inji bai ko gama ɗumi ba an kashe.

Akwai kuma wata dabara da ta fi sauran muni. Wasu sukan yanko faifan ƙarfe su toshe hanyar ɗungurum, wasu ma su cire ƙwan fitilar don kada mai saye ya gani. Karkarwa takan tsaya, mai mota ya tafi yana godiya. Amma zafin da aka hana wa mafita yana nan yana cin fistin da bawuloli a hankali, kuma ranar da wata cuta ta gaske ta kama inji babu fitilar da za ta yi gargaɗi. Gubar da ke fita ta salansa kuwa, masu tura baro da 'yan talla da masu tebur a bakin titin kasuwa ne ke shaƙarta tun safe har magariba.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, motar da ke shan mai fiye da ƙima ta zama nauyi ga mai iyali. Kafin ya biya kuɗin wani bawul, haƙƙinsa ne ya nemi a nuna masa lambar a jikin na'ura, ya rubuta ta, ya kuma tsaya a kwance tsohon a gabansa ya ga cikinsa da idonsa.